Baƙin da Ba Sa Sallama

Duk unguwar Yanzu-Yanzu ake ce masa, kuma a bakinsa ya samo sunan. Ka ce masa bangon ɗakinka ya tsage, zai ce “yanzu-yanzu”, kafin ka gama bayanin inda tsagar ta faro ya riga ya ɗauko cokalin gininsa ya wuce ka. A tsaye yake shan shayi. In an ba shi kujera a gidan mutane, a bakin-baki yake ɗosana jiki, ƙafa ɗaya tana karkarwa, idonsa yana yawo a kan bango. An taɓa kama shi a wajen dubiya, ana ba shi labarin yadda mara lafiya ya kwana, shi kuwa yana sosa wata tsaga da farce yana girgiza kai. Masu gidan suka ɗauka tausayi ne ya kama shi.

Da ɗaukar kwanon kankare ya fara, tun gemu bai fito masa ba, yana hawa tsani yana sauka kamar ana binsa. Daga nan ya koyi jera bulo, daga jera bulo ya koma yaɓe, a nan kuma ya tsaya, don nan ne hannunsa ya fi faɗawa. In ya shafe bango da siminti, sai ka ji kana sha’awar ɗora kumatunka a kai. Abu ɗaya ne ba ya iya gani ya kau da kai: rami. Ko na ƙusa ne, ko na ɓera, ko ɗan gurbin da ruwa ya ci a gindin katanga, sai ya toshe shi hankalinsa yake kwanciya. A ganinsa duniya wani gini ne da aka bari ba a ƙarasa ba, kuma ba wanda abin ya dama sai shi.

Allah da ikonsa, sai ya haɗa shi da mace mai sanyin hali. Ita in za ta tsinke zare sai ta dube shi tukuna. Suka yi zama na shekara da shekaru, yana gaba tana biye, yana faɗa tana murmushi. Ya gina musu gida ɗaki bayan ɗaki, suka haifi ’ya’ya, ’ya’yan suka girma suka watse, kowa da garin da abinci ya kai shi. Yana ce mata Maman yara, tana ce masa Maigida, in kuma ta so tsokana ta ce, “Yanzu-Yanzu, abincin dai ba zai gudu ba.” Yana sonta ƙwarai, sai dai irin son da ake nunawa da gyaran ƙofa da sauya famfo.

A duk tsawon zaman nan akwai abin da bai taɓa gani ba, shi ne safiyar gidansa. Kafin rana ta fito ya fice, sai ta faɗi yake dawowa. Ko ranar hutu ce sai ya samo bangon wani da yake jiransa. Ya san kowace kusurwa ta gidan da awo, amma abin da ke faruwa a cikinsa da hantsi, wannan labarin wasu ne.

Rigimarsu guda ce, kuma ba ta taɓa ƙarewa ba: filin bayan gida. Wani ɗan fili ne tsakanin kicin da katanga, ƙasa tsurarta, ga ciyayi a gefe-gefe, ga wani tsohon faranti mai ɓallen baki cike da tsakuwa a gindin bango. Filin nan yana ci masa rai. Duk shekara sai ya ce, “Maman yara, bari in daɓe miki wurin nan da siminti ki huta da taɓo.” Duk shekara sai ta ce, “Ka daɓe duniya duka, amma ka bar min ƙasata.”

A nan take shuka kabewarta. Wata irin kabewa ce mai dogon wuya, bayanta ruwan toka, cikinta ja, wadda takan daɗe a ajiye ba ta ruɓe ba. Ba a samunta a kasuwa. A hannun mahaifiyarta ta karɓi irin ranar da za ta bar gida, ita ma mahaifiyar a hannun tata uwar ta karɓa. Kowace shekara sai ta zaɓi wadda ta fi kyau ta fasa, ta wanke ’ya’yan ta shanya, ta zuba a kwalba. A da ta rarraba wa maƙwabta, amma maƙwabtan duk sun daɓe filayensu, kuma yawancinsu Yanzu-Yanzu ne ya daɓe musu. A shekarar da jikinta ya fara ƙi, amfanin bai yi kyau ba, ɓeraye kuma suka yi ɓarna a wajen shanya. Abin da ya rage a kwalbar bai cika tafin hannu ba. In wannan ya ƙare, irin ya ƙare ke nan a duniya, iya saninta.

Shi ma a lokacin gwiwa ta sauke shi daga kan tsani, ba don yana so ba. Bai gama saba wa zaman gida ba sai ga babbar jarrabawa: ta faɗi a ƙofar kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Da aka sallame ta daga asibiti, autarsu, wadda kowa ke kira Auta ko da yake ita ma ta haifi nata, ta ce za ta tafi da ita garin da take aure, don can ne ake gashin ƙashi kusa da gidanta.

Ranar tafiya, an riga an sa ta a mota, ta kama hannun rigarsa da hannunta mai lafiya. Maganar tana fita da ƙyar, kalma ɗaya sai ta huta.

“Iri… kwalba. Ka shuka.”

“Yanzu-yanzu,” in ji shi.

“Baƙina… da safe. Ka ba su ruwa.”

“Waɗanne baƙi?”

Ta buɗe baki, maganar ta ƙi. Direba ya tayar da mota, Auta tana waya da mijinta ba ta ji ba. Ya ce, “To, to, zan ba su, kar ki damu,” motar ta tafi ta bar shi tsaye da tambayarsa.

Kafin ƙurar motar ta kwanta ya riga ya shiga filin bayan gidan da fartanya. Ya ja igiya, ya yi ramuka a jere kamar zai kafa ginshiƙai, ya juye kwalbar kaf. Wanda ya saba shuka yakan rage wani abu don gudun tsautsayi. Shi bai rage ko ƙwaya ba, don a sana’arsa siminti in an kwaɓa ba a ajiye saura.

Sai maganar baƙi. Washegari ya cika jug da ruwan sanyi, ya wanke kofuna, ya jera a tire, ya buɗe ƙofar gida. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo. Ba wanda ya yi sallama. Da mai kwasar shara ya zo wucewa, ya tare shi da kofi.

“Kai ne kake zuwa wajen Maman yara da safe?”

“Ni, Baba? Shara dai nake kwashewa.”

“To sha ruwa.”

Mutumin ya sha don kunya. Haka aka yi da mai duba mitar lantarki, haka da wata mai tallar tsintsiya, wadda ta sha kofi biyu ta kuma sayar masa da tsintsiyar da ba ya buƙata. Ya tambayi matar maƙwabcinsa tela ko ta san masu zuwa wajen matarsa da hantsi. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kowa ba, amma takan jiyo ta ta kan katanga tana magana ƙasa-ƙasa, har da ’yar dariya.

Wannan magana ta tsaya masa a rai. Ba zargi yake yi ba, Allah ya kiyaye, tsohuwa da jikoki. Amma abin ya yi masa ciwo, a ce matarsa tana da mutanen da take dariya da su shekara da shekaru shi bai sani ba. In ya kira waya ya tambaya, sai ya ji numfashinta da wata kalma da ba ta fita, kafin ta haɗa ta biyu ya riga ya ce, “To, ki huta, ki huta,” ya kashe. Jiran ƙarshen magana bai taɓa zama cikin halayensa ba.

Kabewa ta tsiro, ta fara yaɗo. Ana nan sai Auta ta gaya masa likita ya ce Mama za ta dawo gida, amma a keken marasa lafiya, wataƙila na ɗan lokaci, wataƙila na dindindin. Ya ajiye wayar ya fita bayan gida ya dubi filin nan: gargada, taɓo, kwazazzabai. Ta yaya keke zai bi ta nan? Ta yaya za ta je ta duba shukarta? Karon farko tun da ta faɗi ya ji akwai abin da zai iya yi mata, kuma abin da ya fi kowa iyawa ne.

Ya sayo siminti da yashi, ya fito da baro da shebur. Ya nome ciyayin gefe tas, har da masu ’yan furanni farare da shuɗaye da take bari ba ya san dalili. A gindin katanga, inda rana ke fara sauka, ya tarar da wasu ’yan ramuka birjik, kowanne da ɗan tulin ƙasa a bakinsa, faɗinsu bai wuce a zura fensir ba. Ya ce tururuwa ce. Ya ɗauko maganin feshi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya daddaɓe da bayan shebur. Da tsakuwa ta gaza masa a kwaɓi, ya juye ta cikin tsohon farantin nan, farantin kuma ya bi shara.

Aiki ya yi kyau, wannan ba a musu. Ya bar wa kowane gindin kabewa ɗan zagaye na ƙasa, ya yi masa baki mai santsi, ya ba daɓen ɗan gangare don ruwa ya bi. Ya tura baro daga ƙofar kicin har katanga, ko gargada ɗaya bai ji ba. Ya hana Auta labari, yana so ya zama abin mamaki.

Sai fure ya zo, manya-manya, ruwan ɗorawa, suna buɗewa da sassafe su rufe kafin rana ta take. Ya lura iri biyu ne: wasu a kan siririn tsinke kawai, wasu kuma da ’yar mitsitsiyar kabewa a gindinsu, har da ɗan wuyanta. Waɗannan na biyun ya sa wa ido. Sai dai kowace ta yi ’yan kwanaki sai ta yi rawaya, ta yanƙwane, ta faɗo a kan daɓensa mai santsi. Ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Suka ci gaba da zuba. Ya ce yunwa ce, ya zuba taki. Ya ce ƙwari ne, ya yi feshi da sassafe, daidai lokacin da furannin suke a buɗe, don maganin ya shiga ciki sosai. Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya riƙa ɗaga ganye yana leƙawa, ya shiga ɗaki ya fito, ya ɗora ruwan shayi ya manta da shi har butar ta ƙone.

A waya kuwa, harshenta ya fara sakewa, kuma tambayarta ɗaya ce kullum.

“Ta ɗauka?”

Haka take faɗa, kamar mai tambayar amarya. Shi kuma ya ce, “Tana ta fure, Maman yara, fure kamar me.” Ba ƙarya ya yi ba, amma duk lokacin da ya faɗa sai ya ji kunya ta rufe shi, ya ji tsoro kuma, don ya san kwalbar nan fanko ce a kan kanta.

Ran nan Auta ta kira ta bidiyo, ta ce Mama ta matsa sai ta ga shukarta da idonta. Ya ga ba makawa, ya ce to bari ya haɗa da albishir. Ya fita filin yana ɗingishi, ya juya wayar, ya bi daɓen da ita a hankali tun daga ƙofar kicin.

“Kin gani? Kekenki zai bi har katanga. Ko jariri ya tura ki.”

Sai ya ji wani sauti daga wayar, ba kuka ba, ba magana ba. Ya juyo da ita. Matarsa ta zuba wa allon ido.

“Gindin… bango,” ta ce. “Nuna.”

Ya nuna. Siminti fes, ko tsaga babu.

“Farantin?”

“Wannan mai ɓallen bakin? Ai na yar. Zan sayo miki sabo.”

Ta rufe ido. Auta ta karɓi wayar, fuskarta ta cika allon.

“Baba, ramukan da ke gindin bangon nan fa?”

“Na tururuwa? Na yi maganinsu.”

“Innalillahi. Baba, ba tururuwa ba ce. Baƙin Mama ne.”

Ya tsaya riƙe da waya, bakinsa a buɗe. Auta ta yi masa bayani, muryarta tana hawa tana sauka, rabi faɗa rabi tausayi. Ƙudan zuma ne, in ji ta, amma ba irin masu taruwa su yi saƙa ba. Waɗannan ’yan ƙanana ne, kowace ita kaɗai take haƙa raminta a ƙasa ta ajiye ’ya’yanta, ba ruwansu da harbin kowa. Tun suna yara Mama take hana su taka wurin. Da safe suke fitowa su shiga furen da ke kan tsinke, wanda shi ne namiji, su kwaso garin nan mai ruwan ɗorawa a jikinsu, su kai cikin macen, mai ’yar kabewa a gindi. In ba a kai mata ba, ba za ta ɗauka ba, ko da za a shayar da ita kogi. Farantin kuma nasu ne, tsakuwar don su samu wurin tsayawa su sha ruwa kada su nutse. Ciyayin gefe su ne abincinsu kafin kabewa ta yi fure.

“Duk wannan tumatir da kankana da kake saya, Baba, ka ɗauka su kaɗai suke yin kansu? Akwai masu yi musu kai-kawo.”

“Ba wanda ya taɓa gaya min,” ya ce a hankali.

Daga bayan Auta muryar matarsa ta fito, kalma-kalma, ba tare da fushi ba, wanda ya fi fushin zafi.

“Ba ka… taɓa zama… ba.”

Bai jira an kashe wayar ba ya ɗauko guduma da diga. Tun da yake bai taɓa fasa aikin hannunsa ba, sai ran nan. Simintin ya kama da kyau, shi ya kwaɓa shi ai, kowane duka sai ya ji shi har cikin gwiwarsa. Tela ya leƙo ta kan katanga ya ce, “Lafiya, Yanzu-Yanzu? Ko zinariya aka binne?” Ya ci gaba da duka. Ya ɓamɓare gefen bango gaba ɗaya, ya durƙusa ya tona ƙasar da yatsu. Ta dunƙule ta yi tauri, tana warin magani. Bai samu komai ba sai wasu ’yan ɓawo busassu da suka marmashe a hannunsa.

Ya sayo faranti, ya tsinto tsakuwa a bakin titi, ya zuba ruwa ya ajiye. Ya kwashe gwangwanayen feshi ya kulle a akwatin kayan aiki. Ya bi gidajen layin yana roƙo kada a yi feshi da safe, a bar ɗan gefen ƙasa ko da faɗin tabarma ne, a bar ciyawa mai fure ta yi furenta. Mutane suka yi ta kallonsa. Wani ya ce, “Kai da ka daɓe mana, yau kai ne kake cewa mu fasa?” Wata tsohuwa ta ce a kai shi a duba shi, zaman kaɗaici ya fara taɓa shi. Matar tela ce kaɗai ta ce to, ta ajiye murfin tukunya da ruwa a bayan ɗakinta.

Da safe ya tsaya a kan farantin yana jira. Tsuntsu ya zo ya sha, ƙadangare ya zo ya sha. Baƙi dai shiru. Ga shi ganyen kabewar ya fara yin toka-toka, yaɗon ya fara tsufa, furannin mata sai raguwa suke yi.

Matarsa ce ta kawo dabara, ta bakin Auta. Tunda babu masu kaiwa, shi zai kai. Ya tsinko namijin fure da sassafe, ya zare masa ganyen furen ya bar tsinken tsakiya mai gari, ya shafa a cikin macen a hankali, ko’ina ya samu. “Ta ce a hankali, Baba. Ta ce in maimaita maka. A hankali.”

Hannun da ya yi shekaru yana murza siminti ba a yi shi don fure ba. Yatsunsa kaurara ne, fatarsu kamar bayan bulo, ga rawar tsufa, ga gaggawa. Ta farko ya karya mata wuya. Ta biyu ya dirje ta kamar yana cike tsaga, washegari ta yi baƙi. Wata safiyar mace ta buɗe babu namiji ko ɗaya, ya yi ta zagaye yaɗon yana ɗaga ganye yana surutai, har rana ta ɗaga furen ya rufe a gabansa. Ya zauna a kan baro ya riƙe kai. Abin da ƙwaron da bai kai ƙwayar wake ba yake yi yana wasa, shi ga shi da gemu fari ya gagare shi.

Daga ƙarshe guda ɗaya ta ɗauka. Ya shafa mata garin yana riƙe da numfashi, ya ja da baya da sauri don kada ya ɓata, kuma ba ta faɗo ba. Ta kumbura, ta fara wuya. Ya kira waya tun kafin ya wanke hannu.

“Ta ɗauka, Maman yara! Wallahi ta ɗauka!”

Ya ji dariyarta, karon farko tun da ta faɗi, rabin baki amma dariya ce.

Ya yi renon kabewar nan kamar jinjiri. Ya sa mata katako a ƙasa don kada damshi ya taɓa ta, ya yi mata inuwa da buhu, yana auna ta da igiya safe da yamma. Sai dai ba ta yi girman na da ba. Ta tsaya ƙarama, gindinta a tsuke ta gefe ɗaya, kamar an matse ta. Sauran yaɗon ya bushe ya bar ta ita kaɗai. Da bayanta ya yi tauri ya yi toka, ya yanke ta ya kai ɗaki ya ajiye a kan kujerar matarsa.

Da hantsi suka iso, ita da Auta. Ya turo keken da kansa daga mota, ta cikin falo, ta kicin, har filin baya. Keken ya tafi sumul a kan daɓen, sannan ya tsaya cak inda fasasshen siminti ya fara. Ta daɗe tana duban gindin bangon, da sabon farantin, da ’yan ciyayin da suka fara leƙowa daga ƙasar da ya tona. Shi kuwa sai sauya ƙafa yake yi, ya gyara mata mayafi, ya gyara birkin keken da ba abin da ya same shi.

“Kawo ta,” ta ce.

Auta ta kawo tire da wuƙa. Shi ya fasa, don hannunta ɗaya ne. Cikin ja ne kamar yadda aka sani, ƙamshin ma shi ne. Ya kwaso ’ya’yan ya ɗauraye a kwano ya ɗora mata a cinya, yana murmushi, don a idonsa suna da yawa.

Ta ɗauki ɗaya ta matsa tsakanin yatsu biyu. Ta lotse, ba komai a ciki. Ta ajiye a gefe. Ta ɗauki wata, ita ma haka. Ta ɗauki wata. Murmushinsa ya fara gushewa.

“Me ya same su?”

“Fanko,” ta ce. “Garin… bai isa ba. Su suna shiga… su fita, su dawo. Su sake dawowa. Kai sau ɗaya… ka shafa.”

Tulin gefe yana ta ƙaruwa. Auta ta juya baya tana share ido da bakin mayafi. Shi ya durƙusa a gaban keken duk da gwiwar, yana bin yatsunta da kallo. Bai taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da tsani ya zame da shi daga bene. Ita kuwa ba ta sauri. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har kwanon ya kusa ƙarewa.

Can yatsunta suka tsaya. Ta sake matsawa, ƙwayar ba ta lotsa ba. Ta ajiye ta daban a cinyarta. Kafin kwanon ya ƙare ta samu wasu biyu masu ciki, ta haɗa su, ta dunƙule a hannunta.

Ya miƙe zumbur, har ya manta da ciwon gwiwa.

“Alhamdu lillahi! Kawo, Maman yara, kawo in shanya su. Suna bushewa in shuka, ga ƙasa na tona, in ban ruwa ne zan yi, ba sai an jira damina ba.”

Ya miƙa hannu. Ta dubi hannun, ta dube shi, ta mayar da dunƙulen hannunta kan ƙirjinta.

“A’a.”

“To yaushe?”

“Sai sun dawo.”

“Yaushe za su dawo? In ba su dawo bana ba fa? Irin nan ba zai yi ta jira ba, ke kika ce yana mutuwa in ya daɗe.”

“Yana mutuwa,” ta ce.

“To?”

Ta juya kai ta dubi gindin bangon, inda ƙasar take a buɗe ba rami ko ɗaya.

“Kai ka sallame su, Maigida. Kai za ka zauna… ka jira su.”